Boxer, Jincheng da roba-roba: Yadda babura suka bambanta a kan hanyar Lambata

Lambata gari ne a ƙaramar hukumar Gurara, cikin masarautar Suleja a Jihar Neja, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Suleja zuwa Minna. A nan ne wata hanyar ta rabu ta nufi Lapai da Agaie da Bida, wadda tireloli da tankokin mai da suka taso daga kudu maso yammacin ƙasar nan ke bi kafin su hau titin Abuja zuwa Kaduna. Daga waɗannan titunan kwalta biyu kuma hanyoyin burji da na ƙafa suka kutsa cikin ƙauyukan manoman doya da masara da dawa, waɗanda yawancinsu babur ne kawai abin hawan da ke isa ƙofar gidajensu idan damina ta yi nisa.

Saboda haka mai babur a Lambata yana iya haɗuwa da hanya iri uku cikin sa'a guda: cunkoson cikin gari a ranar kasuwa, turbar ƙauye mai laka ko yashi, da kuma kwaltar da zai raba da motar da ta ninka baburinsa nauyi sau ɗaruruwa. Babu nau'in babur guda da ya fi saura a dukkan ukun. Wannan ne ya sa garin ya zama wuri mai kyau na gwada babura da juna, musamman yanzu da kuɗin sabon babur ya kai matsayin da iyali ke sayar da amfanin gona na shekara kafin su mallake shi, fetur kuma ya yi tsada tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Baburan neman abinci

Rukunin da ya fi yawa a tashoshin 'yan acaɓa shi ne na Bajaj Boxer da TVS, duka biyun daga Indiya, sai Honda Ace da wasu samfuran China masu kama da su. Kamfanin Bajaj yana birnin Pune, kuma Najeriya tana cikin manyan kasuwanninsa a wajen Indiya. Girman injin waɗannan babura yana tsakanin cc 100 da cc 150, nauyinsu kuma bai cika wuce kilo 110 zuwa 125 ba. Abin da ya haɗa su shi ne doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, kariya ta ƙarfe a baya, shokozoba biyu masu tauri, da tazara mai kyau tsakanin ƙasan inji da ƙasa.

Tunanin da ya haifi irin wannan babur ya girmi Boxer. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, ana kuma jinkirta canjin baƙin mai. Sai ya ƙera inji mai sauƙin gini wanda zai jure wannan riƙo. Kamfanin yana da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun tun 1979, kuma a 2011 ya gabatar da Ace CB125 a Najeriya domin ya yi gogayya da baburan Indiya da na China a wajen farashi.

A kan turbar ƙauye wannan rukuni ba shi da abokin karawa. Kan baburin yana da faɗi, mahayi yana zaune a miƙe, yana ganin rami tun daga nesa, kuma yana da kulocin da zai sassauta ko ya damƙe idan taya ta fara juyawa a cikin laka. Tankin mai yana tsakanin gwiwoyinsa. Mutane ba su cika lura da amfanin wannan ba, amma matse tanki da gwiwa shi ne ke haɗa jikin mutum da babur su zama abu guda, ya bar hannuwa su yi aikin juya kai kawai.

Inda suka gaza shi ne wajen tsayawa. Yawancinsu birkin ganga ne gaba da baya, wanda yake yin zafi ya yi sanyin kamu idan an daɗe ana taka shi da kaya a gangare. Ga kuma wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin mahaya, ta gudun birkin gaba don tsoron kada ya kifar da su. A kan yashi ko tsakuwa tsoron yana da dalili. A kan busasshiyar kwalta kuwa, mafi yawan ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa, domin nauyi yana komawa gaba da zarar an fara rage gudu. Wanda ya dogara ga birkin ƙafa kaɗai zai ci dogon zango kafin ya tsaya, kuma a mahaɗa irin ta Lambata wannan zangon ne ke raba tsira da asibiti.

Jincheng, wanda ya buɗe ƙofa

Kafin Boxer ya mamaye kasuwa, Jincheng ne sarkin acaɓa a Arewa. Kamfanin yana birnin Nanjing na China, kuma samfurinsa da ya yi suna, AX100, an gina shi ne a kan fasalin Suzuki AX100. Injinsa mai bugu biyu ne, wato irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake da siririyar ƙara da shuɗin hayaƙi. Ba shi da nauyi, yana da zafin tashi, kuma bakanike na gefen hanya yana iya kwance injinsa ya mayar kafin la'asar. Arhar da ya zo da ita ce ta sa samari da yawa suka mallaki babur a karon farko.

Amma ya fi injin mai bugu huɗu shan mai, kujerarsa ta fi gajarta, kuma rashin nauyin da ke taimakonsa a lungu shi ne ke cutar da shi a babban titi. Tsadar fetur ta ƙara tura shi baya. Har yanzu ana ganinsa a hannun manoma da dattawan da suka saba da shi, waɗanda ba su ga dalilin rabuwa da abin da suka san ciwonsa da maganinsa ba.

Roba-roba da kakarsa Vespa

Baburin da ake kira roba-roba, saboda murfin roba da ya lulluɓe jikinsa, ya samo asali ne daga Honda Super Cub na 1958, wanda adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. Lifan da Haojue da Jincheng duk suna yin irinsa, galibi mai injin cc 110. Babu tanki a gaban mahayi. Tankin ƙarami ne, bai kai lita 5 ba, yana ƙarƙashin kujera. Babu kuma hannun kuloci: ana sassauta mai a taka giya.

Wannan fasali ya dace da suturarmu fiye da kowane. Mai doguwar riga ko babbar riga zai zura ƙafa ta gaba ya zauna ba tare da ya tattare tufafinsa ba, garkuwar robar kuma tana kare ƙafafunsa daga ruwa da laka, sarƙar tana cikin murfinta. Shi ya sa ya zama abin hawan malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da limami da ɗan kasuwa mai shago, da kuma matan da ke tuƙa kansu a wasu garuruwa. A cikin cunkoso ya fi Boxer sauƙin sarrafawa, a wajen shan mai kuma da wuya a sami wanda ya kai shi tattali.

Matsayin da roba-roba ke riƙe da shi yau, Vespa ce ta riƙe shi a da. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da ita a 1946, ta kuma yawaita a biranen Arewa a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da ya sa ma'aikata suka sami abin sayen ababen hawa. Vespa tana da daɗin zama ƙwarai, amma tayoyinta ƙanana ne, inci 8 ko 10, alhali na roba-roba da na Boxer inci 17 ne. Bambancin ba na ado ba ne. Ƙaramar taya tana faɗawa cikin ramin da babbar taya za ta tsallake bakinsa, kuma ba ta riƙe miƙaƙƙen layi kamar babba idan gudu ya ƙaru. A titi mai santsi Vespa sarauniya ce. A hanyar da tireloli suka farfasa, wahala ce.

Manyan babura

Akwai kuma manyan babura masu injin cc 500 zuwa sama da 1,000, waɗanda aka fi gani a Abuja da Legas a hannun masu hawa don nishaɗi. Su ma iri-iri ne. Na tsere suna sa mahayi ya kwanta a kan tanki, abin da ke rage masa dukan iska amma ya gajiyar da wuya da wuyan hannu. Irin na Harley-Davidson na Amurka dogaye ne, kujerarsu a ƙasa, suna da daɗi a miƙaƙƙen titi, suna da nauyin juyawa a kwana, cikinsu kuma yana gogar ƙasa a kan tudun rage gudu. Waɗanda suka fi dacewa da titunanmu su ne na dogon zango masu tsayin ƙafa, irin Honda CB500X da Kunle Adeyanju ya hau daga Landan zuwa Legas a 2022 don yaƙi da cutar shan inna. Nauyinsu yana kusan kilo 200, suna da gilashin kare iska da birkin faifai. Ga manomin Lambata dai wannan labari ne kawai: kuɗinsu, kayan gyaransu da bakaniken da ya san su duk suna nesa da shi.

Iska da tirela

A nan ne bambancin babura ya fi fitowa fili, a nan ne kuma aka fi yin kuskuren fahimta. Ƙarfin da iska ke dukan mahayi da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. Idan gudu ya ninka biyu, dukan iska yana ninka huɗu. Wanda ya tashi daga kilomita 40 a sa'a zuwa 80 yana fama da iska ninki huɗu, a kan tayoyi biyu da faɗin abin da kowace ke taɓawa a ƙasa bai kai tafin hannu ba.

Iskar da ke zuwa daga gaba gajiya kawai take kawowa. Mai haɗari ita ce ta gefe, kuma a wannan yanki tana da tushe uku. Akwai iskar hunturu daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, wadda illarta ta fi yawa a ido da maƙogwaro da kuma hazon da ke ɓoye abin da ke gaba. Akwai guguwar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, wadda ke tasowa kwatsam gabanin hadari, kuma ita ce mafi ƙarfi. Mai hankali yakan sauka ya jira ta wuce. Ta uku kuwa ba ta da lokaci, ita ce iskar tirela.

Babbar mota tana tura tarin iska a gabanta da gefenta, tana kuma barin wani gurbi a bayanta da iska ke rugawa ta cike. Idan tirela ta zo wuce mai babur, da farko zai ji an ture shi zuwa gefen titi. Kafin ya gama gyara zama, sai ya ji ana janyo shi zuwa jikin motar. Wanda ya yi gaggawar karkata don ya yaƙi turin farko, shi ne jan na biyu ke samu ya riga ya karkata zuwa ga tayoyin tirela. Idan kuma gaba da gaba suka haɗu, shi yana kilomita 60 ita tana 80, iskar tana zuwa masa kamar mari guda.

A wannan gwaji nauyi da tsawo su ne ke magana. Babban babur mai kilo 200 yana ɗan girgiza ya wuce. Boxer da TVS suna biye, saboda nauyinsu da tankin da ake matsewa. Jincheng ya fi su rawa. Roba-roba ne a ƙarshe: bai kai kilo 100 ba ko kuwa ya ɗan wuce, garkuwar robarsa tana kama iska, kuma babu abin da gwiwa za ta riƙe. A ganina wanda ke zirga-zirga kullum tsakanin Lambata da Suleja ko Lapai bai kamata ya sa roba-roba a gaba ba, duk da tattalin mansa.

Sai dai wannan jeri na babur ne wanda ba a ɗora masa komai ba, kuma da wuya a ga irinsa a ranar kasuwa. Buhun masara guda ya kusa nauyin Boxer ɗin kansa. Idan aka ɗaure biyu a kan kariya, bayan tsakiyar tayar baya, tayar gaba tana yin sakayau, kan babur ya riƙa kaɗawa, birkin gaba ya rage kamu. Idan kayan masu faɗi ne, kamar katifa ko kwanon rufi ko tarin jarkoki, sun zama tanti da iska za ta tura. Boxer mai irin wannan lodi ya fi roba-roba marar kaya haɗari a gaban tirela. Don haka yadda aka ɗaura kaya ya fi sunan kamfani tasiri: mai nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa, kusa da bayan mahayi, a raba shi daidai dama da hagu. Iskar taya ma tana da nata rabo, domin tayar baya mai ƙarancin iska tana sa babur ya riƙa lilo ko babu guguwa.

Tufafi ma kaya ne a idon iska. Babbar riga da ba a naɗe ba tana cika kamar balan-balan ta ja kafaɗa. Mafi muni shi ne gefen hijabi ko zani ko mayafi da ke lilo kusa da sarƙa da wayoyin tayar baya. Idan ya shiga, yana fizgo mai shi ƙasa cikin ƙiftawar ido. Matan da ke zaman gefe guda suna kuma karkatar da nauyi zuwa ɓangare ɗaya, don haka mai goya su yana bukatar ya rage gudu fiye da yadda ya saba.

Zama da gajiya

Daɗin zama ya danganta da wanda ake tambaya. Shokozoban Boxer an yi su ne domin kaya, shi ya sa mutum ɗaya a kansa yake jin kowane rami a ƙugunsa, amma da an yi goyo sai ya lafa. Roba-roba akasin haka ne: mutum ɗaya yana jin daɗinsa, mutum biyu masu jiki kuwa sai shokozoba ya dunƙule har ƙarshe. Ga fasinja, doguwar kujerar Boxer ta fi, sai dai ya kula da salansa, wadda ta bar tabo a ƙafar dama ta mutane da yawa. Ɗan acaɓar da ke wuni a kan babur yakan ƙara soso a kujera, abin da ke rage zafin zama amma ba ya hana ciwon baya da girgizar da ke sa yatsu su yi sanyi.

Mahaya da dokokin da suka kora su

Sunan sana'ar yana canzawa da wuri: acaɓa a Kano da Zariya, kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi, okada a Kudu da Abuja. Wannan na ƙarshe daga sunan kamfanin jiragen sama na Okada Air aka aro shi, wanda shi kuma ya ɗauko daga garin Okada na Jihar Edo. Masu sana'ar suna da ƙungiyoyi, irin su ACOMORAN, da tashoshi masu shugabanni da layin ɗaukar fasinja. Da yawa ba su ne masu baburan ba. Wani ne ke saya ya bayar, ana kawo masa kuɗi kullum ko mako-mako har a biya. Wannan tsari yana bayyana abubuwa biyu da ake zargin 'yan acaɓa da su, wato gudu da lodi: wanda ke da adadin da dole ya kai kafin dare ba ya son barin fasinja na biyu a tasha. Shi ne kuma dalilin da ya sa suke zaɓen babur da ido a kan kayan gyara da farashin sayarwa daga baya, fiye da daɗin zama.

Dokokin birane sun yi tasiri a kan garuruwa irin Lambata. A Oktoban 2006, lokacin da Nasir El-Rufa'i ke ministan Babban Birnin Tarayya, an hana acaɓa a tsakiyar Abuja, mahaya da yawa suka koma garuruwan kewaye, ciki har da yankin Suleja. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Legas ta haramta okada a wasu ƙananan hukumominta daga 1 ga Yunin 2022. A Jihar Neja kanta, gwamnatin Abubakar Sani Bello ta hana acaɓa a Minna a 2021, daga baya a cikin shekarar ta hana sayar da wasu nau'o'in babura saboda 'yan bindiga. Abin takaici shi ne, siffofin da suka sa manomi ke son babur mai ƙarfi, wato jure daji da ɗaukar mutum uku, su ne suka sa ɓarayin daji ke nemansa, har mai gaskiya ya shiga cikin zargi a shingen bincike.

Akwai kuma ɓangaren samari, masu cire madubi don ado, su buɗe salansa don ƙara, su yi wasan ɗaga taya a rakiyar amarya. Cire madubi a hanyar da tirela ke tahowa ta baya ganganci ne da ba shi da wata riba.

Hular kwano ita ce abin da duk rukunan suka haɗu wajen ƙi, in ban da masu manyan babura, waɗanda ke ɗaukarta wani ɓangare na kwalliyar hawa. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga mahaya a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu. Dalilan ƙin sanannu ne: zafi, tsada, rashin dacewa da hula ko ɗankwali, da ƙyamar sa abin da wani ya cire. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana bayyana cewa hular kwano mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Ƙa'idojin hanya na Najeriya sun kayyade wa babur gudun kilomita 50 a sa'a, a cikin gari da kan babbar hanya, kuma a daidai wannan gudu ne birkin ganga da siraran tayoyin Boxer da Jincheng da roba-roba suke iya yin aikin da aka ƙera su dominsa.